Tukwanen da Gwaggo Ta Gina wa Kanta

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Gwaggo ta cika da hantsi a ɗakina a Unguwar Tudu ta Gwarzo, kanta a kan cinyata, bakinta da kalmar shahada. Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni har ta kai ni ɗakin miji, don haka ban san wata uwa da ta wuce ta ba. Aka sa ta a mota aka mayar da ita gidanta a Kabo, aka yi mata sutura, maza suka ɗauka suka fita kafin azahar.

Da la'asar gida ya cika. Mutanen Gammo sun zo, can aka haife ta. Na Masanawa ma sun zo, da matan da suka riƙa sayen tukwanenta a kasuwar Gwarzo. Ana shigowa ana cewa ya haƙuri, Allah Ya jiƙan rai, muna amsawa. Wata mata da ke zaune kusa da ni ta gama addu'arta, ta shafa, sai na ga tana bin tsakar gidan da ido daga zaure har bayan ɗaki. Ta sunkuyo ta ce wa ta kusa da ita, a hankali a tunaninta, nan ai ɗakunan haya masu banɗaki a ciki za su zauna daram, ga shi kusa da makaranta. Tabarmar da aka yi wa Gwaggo wanka a kanta ko bushewa ba ta yi ba. Ni ba mai yawan magana ba ce.

Iya ce ta yi maganar. Iya aminiyar Gwaggo ce tun suna amare, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Aka miƙa mata kwanon abincin sadaka ta ture shi da bayan hannu. Ta ɗaga murya yadda na zaure za su ji.

"Ni tambaya ɗaya gare ni. Da me aka rufe ta?"

Kowa ya san amsar.

Ga wanda bai sani ba, a wajenmu in an kwantar da mamaci a ɗan ramin da ke cikin kabari, sai an rufe bakinsa kafin a tura ƙasa. Wasu da itace suke rufewa. Mu a unguwar su Gwaggo, da tukwane ake yi, a raba tukunya biyu a kifa, a jera, a toshe kafofin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Tukunya gara ba ta cin ta, ruwa ba ya ruɓar da ita. Kuma tun ina yarinya duk tukunyar da ta shiga maƙabartar unguwar daga hannun Gwaggo ta fito, ba ta taɓa karɓar ko kwabo a kansu ba. Ta gina nata ita ma, ta ajiye. Ranar da aka buƙace su aka ɗaga zanar da ta rufe su da ita, aka tarar da fili. Da guntayen katakon da magina suka cire daga jikin siminti aka rufe Gwaggo. Katakon da gara ke cinye shi kafin ya shekara.

Na san malamai sun ce abin da aka rufe mutum da shi ba shi zai cece shi ba, aikinsa ne. Liman ma ya faɗa a zaure, na kuma yarda. Amma damina na tafe, kuma na san yadda kabarin da aka rufe da ruɓaɓɓen abu yake yi in ƙasa ta sha ruwa. Wannan ne ya tsaya mini a rai tun ranar. Shi ya sa na ɗauki biro. A ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu da girmana, Gwaggo tana mini dariya wai tsohuwa da allo. To, ga ranarsa. Ina so jikokinta su san wace ce kakarsu, su kuma san abin da aka yi mata.

Gwaggo gajeriya ce, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunta kamar bayan kwarya. Ba ta iya zama hannu sake. Ko gaisawa take yi da kai za ka ga yatsunta suna murza wani abu, ɗan dunƙulen ƙasa ko bakin zane. In muna tafiya a hanya idonta a ƙasa yake, ba don kunya ba, ƙasar take kallo. Ta kan ce jar ƙasar tudu ta gero ce da ginin ɗaki, baƙar ƙasar fadama ta rake ce da masara, amma yumɓu sai a ramin da ke bayan unguwarsu, inda tudun ya gangara ya haɗu da fadamar. In ta ɗebo sai ta ɗan taɓa a harshe. Da ina ƙarama na yi ta ƙyamar abin. Ta ce da ni, mai miya ai tana ɗanɗanawa, ita me zai hana ta.

Ranar gashin tukwane kuwa unguwa ta sani. A jera su a fili, a lulluɓe da karan dawa da busasshen kashin shanu da ƙaiƙayi, a sa wuta. Ba a yi mata magana a lokacin. In suka huce sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa da zobenta. Wadda ta yi ƙara ras ta wuce kasuwa. Wadda ta fi kowacce kauri da kyan sauti kuwa gefe take sa ta, ta maƙabarta ce. Na taɓa tambayarta me ya sa ba za ta ba matattu masu aibin ba, tunda fasa su za a yi. Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ta ce mai rai in tukunya ta yoye masa zai dawo ya yi faɗa, wancan kuwa ba zai dawo ba.

Mai faɗa ce, ba zan ɓoye ba. Ita da Iya sun taɓa yin damina guda cur ba sa gaisawa, a kan randa. Iya ta ce randar da aka ba ta tana yoyo, Gwaggo ta ce randarta ba ta yoyo sai dai in an buga ta da muciya garin korar kaji. Iya ta ce to an mai da ita maƙaryaciya ke nan. Gwaggo ta ce ita ba ta faɗa ba, amma ta ji ƙarar muciyar ta kan katanga. Haka suka zauna, kowacce in ta yi miya sai ta aike ni ko ’yar Iya da kwano, a kai a ajiye ba saƙon gaisuwa. Da kaka ta yi Gwaggo ta gina sabuwar randa ta ɗora a kan katangar, ba ta ce komai ba. Washegari randar ta ɓace, aka ga ƙullin daddawa a wurin. Har suka tsufa Iya ba ta amsa ta bugi randar ba, Gwaggo ba ta amsa ta yi yoyo ba.

Sai aka kawo babbar makaranta garin. Ba zan ce ba a ji daɗi ba. An gyara hanya, ’ya’yanmu sun samu wurin karatu a kusa, masu shayi da masu babur da masu sayar da ƙosai duk sun samu abin yi. Gonakin da ke bakin gari aka yanka su fuloti-fuloti, kowa mai ɗan hali ya tayar da ɗakunan haya. Kukoki da ɗorayin da muke gane hanya da su aka sare, yanzu sai dai a ce maka ka wuce shagon cajin waya ka karya dama. Yara daga nesa suka cika unguwa, wasu ko Hausa ba sa ji sosai.

Gwaggo ba ta ƙi su ba. Jikokina masu jaka a baya, haka take kiran su. Akwai wata yarinya ’yar kudu da ta kama ɗaki kusa da ita, lokacin zafi ya yi zafi, wuta kuma ba ta zama. Gwaggo ta gan ta tana shan ruwan leda da ya kwana a rana har ya yi ɗumi. Ta kira ta da hannu, ta ɗauko tulu ta wanke, ta nuna mata yadda za ta zuba rairayi a kwano ta jiƙa ta ɗora tulun a kai. Yarinyar ta fito da kuɗi, Gwaggo ta ce mayar, in kin zama likita kya yi mini allura a hankali. Daga nan ɗalibai suka gano ta. Kafin zafin ya wuce kusan kowane ɗaki a layin da tulun Gwaggo. Yarinyar nan ta zo gaisuwa da ta rasu, ta durƙusa a bakin ƙofa tana kuka, ba ta san abin da ake cewa ba sai “sannu, sannu”. Ita ce gaisuwar da ta fi shiga raina a ranar.

Ba ɗaliban ne suka kashe ramin yumɓun ba, mu ne, ’yan gari masu gidajen. Kowa ya gina ɗakuna bai gina wurin da ruwan wanka da na bayan gida zai tafi ba, sai a ja bututu a saki a gangare. Gangaren kuma ramin Gwaggo yake zuwa. Shara ma can. Ledoji, robobi, ƙunzugun jarirai, har mushen kaji. Ruwan ya zama kore, sama da shi kumfa. Gwaggo ta je wurin mai unguwa, aka ce za a duba. Ta je wurin masu gidajen ɗaya bayan ɗaya, wani ya ce da ita, Hajiya, yanzu wa ke dafa abinci a tukunyar ƙasa. Ta dawo ta zauna a bakin ɗaki. Ranar ce na fara ganin hannunta a sake, ba ya murza komai.

Akwai wani lungu ta gabas da ƙazantar ba ta kai ba tukuna. Nan ta ɗebi yumɓunta na ƙarshe, a lokacin ƙafa ta fara ba ta wahala, da kwano-kwano ta riƙa kwasowa. Ta gina na maƙabarta, ta aika. Sannan ta gina nata. Manya ne, masu kauri, ta goge jikinsu har suna sheƙi, ba zane ko ɗaya. Ta jera su a bayan ɗaki a kife, ta rufe da zana. Likkafaninta yana cikin akwati tun da daɗewa, wannan kowa ya sani. Tukwanen ma ba wanda ba ta gaya wa ba. In na zo daga Gwarzo sai ta ja ni ta ɗaga zanar ta ce in duba mata ko kunama ta shiga. Na ce Gwaggo ki daina wannan magana, muna tare tukuna. Ta yi dariya ta ce ni dai in tabbata an kifa su daidai, kada a bar mata kafa ƙasa ta zubo mata a ido.

Autanta shi kaɗai ya rage mata a cikin ’ya’yan da ta haifa, a gidan yake zaune da iyalinsa. Tare muka tashi, ni na goya shi. Da makaranta ta zo ya bar noma ya zama mai nema wa ɗalibai ɗaki, kuma shi ke kula da wani babban gidan haya na wani Alhaji da ke zaune a Kano. Ba mugu ba ne. Abin da ke damunsa shi ne yana so a ce shi ne mai iya samo komai.

Da ciwon Gwaggo ya yi nauyi na ɗauko ta na kawo ta wurina, don asibiti ya fi kusa kuma ina so in riƙa juya ta da hannuna. Tana nan kwance ɗalibai suka shirya bikin ranar al'adu. Kowace ƙungiya za ta kafa rumfa ta nuna kayan garinsu, masu rawa, masu kayan saƙi, masu abinci. ’Yan ƙungiyar Hausawa suka ce suna neman tukwanen gargajiya manya. Auta ya ce ai a gidansu ake yin su. Ya ɗaga zanar ya loda a kura. Da biki ya tashi bai mayar ba, sai ya kai su ƙofar gidan hayar. Alhajin ya zo ya gani ya ce sun ƙawata wurin. Aka huda gindinsu don ruwa ya riƙa fita, aka shafa musu fenti kore da fari, aka dasa su a siminti har rabi don kada a sace, aka zuba ƙasa aka shuka furanni.

Duk wannan ban sani ba. Gwaggo ma ba ta sani ba, wannan kaɗai nake gode wa Allah a kai. Ana saura kaɗan ta rasu ta sake ce mini in tuna da bayan ɗaki. Na ce na tuna.

Maigidana ne ya ba ni labarin abin da ya faru a waje, tunda mu mata ba ma zuwa. Ya ce da aka ga babu tukwanen, ya ja Auta gefe, shi kuma ya fara in'ina. Suka hau babur suka je ƙofar gidan hayar. Maigadi ya ce shi ba zai bari a fasa siminti ba sai da izinin mai gida, aka kira wayar Alhajin ba ta shiga. Tukwanen maƙabarta sun ƙare tun bara, ba mai gina wasu. Itacen kirki babu a kusa, duk ya tafi gawayi. Liman ya ce ba a ajiye gawa ana jira. Sai wani ya nuna tarin katako a gefen wani gini da ake yi. Maigidana ya ce shi ya shiga ramin ya jera su da hannunsa, wasu da ƙusa a jiki sai da ya lanƙwasa, kuma yana jerawa yana ganin hanyar gara a jikin guda biyu.

Bayan an share makoki na kira Auta ɗakin Gwaggo. Ban ɗaga murya ba. Na ce ya gaya mini ko bai san na mene ne ba.

"Na sani, Yaya. Aro na bayar. Na ɗauka za ta tashi."

"Da ta tashi fa, ta ɗaga zanar?"

Sai ya ce ai ko a birni yanzu da katako ake yi, wasu ma da bulo, kuma Alhajin ya ce zai aiko da buhun shinkafa na sadaka. Na dube shi, yaron da na goya a bayana, ya fara furfura a gemu. Na ji kamar na taka wani abu da ƙafa ba takalmi. Na ce ya tashi ya je, Allah Ya shirye mu. Da shinkafar ta zo matan gida suka dafa. Ni da Iya ba mu ci ba.

Abin da ya ƙara mini takaici, shugaban ɗaliban da suka yi bikin ya zo gaisuwa da abokansa, yara masu ladabi, suka durƙusa. Ya ce rumfarsu ce ta zo ta ɗaya saboda tukwanen Mama, kuma sun yi niyyar zuwa su yi mata godiya. Har ya ciro waya zai nuna mini hoto. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya masa. Na ce ya bar shi, idona ba ya gani sosai. Iya ta buɗe baki za ta yi magana na dafa gwiwarta. Me zai ƙara, in ban da a ɗora wa ɗan mutane nauyin da ba shi ya ɗauko ba.

Sai da na je na gan su da idona, ranar da zan koma Gwarzo. Na ce da mai babur ya bi ta layin. Suna nan jere a ƙofar, fentin ya fara ɓarewa, furannin sun bushe don ba mai ba su ruwa. A cikin ɗaya an tara ledojin ruwa da guntun sigari. Wata kuma wani ya tofa yawun goro a jikinta ya gangaro. Na sauka na ƙwanƙwasa ɗaya da zobena. Ba ta yi ƙara ba, ta cika da ƙasa. Maigadin ya ce, Hajiya lafiya, ko ɗaki kike nema wa ’yarki. Na ce a'a, wucewa nake yi.

Ba a tone kabari don a canja abin rufi, na tambaya an gaya mini. Abin da ya rage shi ne a riƙa dubawa. Iya ta sa aka kira tsohon da ke haƙa kaburbura ta ce ya sa ido, ya ce shi ma tun ranar bai ji daɗi ba, shekara da shekaru tukwanenta yake kifawa a kan mutane. Gidan kuwa an riga an fara zuwa da igiyar awo. Wannan ban sa baki ba, gadon Auta ne.

Gwaggo ta shayar da masu ƙishi, ta rufa wa matattun unguwa asiri, ta riƙe marainiya ba ta taɓa nuna mata ba ita ta haife ta ba. Ya Allah Ka yafe mata faɗanta, Ka yalwata mata makwanci, Ka sa abin da ta yi wa bayinKa ya zame mata rufi inda mu muka kasa. Mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen, Ka bar mu da masu tuna abin da muka ce.

Shekaranjiya da rana aka yi ruwa mai ƙarfi, na uku ke nan a bana, har kwata ta cika ta shigo mana zaure. Jiya da safe na roƙi maigidana ya je Kabo ya duba. Ya dawo wajen azahar, ƙafar wandonsa duk jar laka. Na kawo masa ruwa, na tsaya. Na ce, Malam, ya ka same ta?

Bai dube ni ba. Ya shanye ruwan ya ajiye kofin, ya ce in ɗauko masa shebur da kwandon nan babba, zai koma.